Hausarsu ta tsaya a tagar kuɗi

Ƴan uwana ɗalibai, akwai wata ƙarya da muka daɗe muna ji har ta fara kama da gaskiya: wai abin da ya hana ma'aikatan asibiti yi wa marasa lafiya bayani shi ne Hausa ba ta da kalmomin likitanci. Duk mai son ya ga ƙaryar nan tsirara, ya je asibitin da ya fi kusa da shi, ya tsaya minti goma a bakin tagar da ake yankan tike. A can Hausa lafiyarta lau. Mai karɓar kuɗi zai dubi takarda ya ga an rubuta 1.500, ya ɗaga kai ya ce wa tsohuwa: "Jika da rabi, inna." In ba ta gane ba ya ce: "Dala ɗari uku." Ku lura, wannan fassara ce ta gaske, kuma mai wuya, don sai ka raba adadin da biyar a cikin kanka kafin ka buɗe baki. Ban taɓa ganin wanda ya yi kuskuren dala ɗaya ba. Ban taɓa jin wani ya ce Hausa ba ta da kalmar dubu ɗaya da ɗari biyar ba.

To taku goma daga tagar nan, a ɗakin da ake duba mutum, sai Hausar ta ƙafe. Abin da ya rage kalmomi biyar ne ko shida, dukkansu umurni: shigo, zauna, kwanta, tashi, je ki sayo. Sauran zancen, wato sunan ciwon, dalilinsa, abin da zai biyo baya in an yi wasa da shi, duk ana yin sa da Faransanci a bisa kan mai ciwon, tsakanin likita da ɗalibin da ke koyon aiki, kamar makanikai biyu a kan mota. Motar ma ta fi shi gata, don ita mai ita yana tsaye ana gaya masa abin da ya lalace.

Mu fara daga gaisuwa. Duk wanda ya tashi a Maraɗi ko Tawa ko Damagaram ya san ba a shiga magana da mutum sai an bi ta ƙofar gaisuwa. Ko bashi ka zo karɓa, sai ka tambayi kwana da gajiya da iyali. A wajen mai jinya kuwa muna da gaisuwa ta musamman, "ya jiki", "sannu", "Allah ya sawwaƙe", kuma yaro ɗan shekara bakwai ya iya ta. Wurin da kaɗai na sani a ƙasar nan da ake tara marasa lafiya ɗari ba a ce wa ko ɗaya sannu ba shi ne asibiti. Sai ka ji ana kiran dattijuwa mai jikoki da "ke!", ko "ke mai jan zane", ko "gado na huɗu". In Bafillata ce ko Buzuwa, to sunan ƙabilarta ya ishe ta suna. Wanda ya yi wannan kiran, in ya koma unguwarsu da yamma, ba zai kuskura ya ce wa sa'ar uwarsa "ke" gatsau ba. Ya san Inna, ya san Hajiya, ya san Baba da Malam. Bai manta su ba. Ya rataye su ne a ƙusar da ya ciro farar riga.

Abin dariya, ko na kuka, kalmar asibiti da muka aro daga Ingilishi, da ƴar uwarta ta Faransanci, tushensu ɗaya a Latin da kalmar karɓar baƙi. Asalin ma'anar masaukin baƙi ne. A 2003 Yannick Jaffré da Jean-Pierre Olivier de Sardan suka fitar da wani littafi a kan yadda ma'aikatan lafiya ke mu'amala da marasa lafiya a manyan birane biyar na Afirka ta Yamma, Abijan, Bamako, Konakiri, Dakar da Yamai, suka yi wasa da wannan tushen suka sa masa suna Une médecine inhospitalière, wato likitancin da bai san baƙo ba. Yau fiye da shekara ashirin ke nan. Na karanta shi a ɗakin karatu ina jin kamar jiya aka rubuta shi a kan bencin da na zauna.

Bara na raka gwaggona, yayar babana, wani asibiti, ba sai na faɗi sunansa ba. Ta taso daga ƙauye da ciwon kai da jiri wanda ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Mun zo da hantsi, ba mu shiga ba sai da azahar ta kawo jiki. Likitan bai ɗaga kai daga rubutu ba. Ya ce: "Mi ke miki ciwo?" Ita kuwa ta gaishe shi, ta fara kamar yadda kowane Bahaushe ke ba da labarin ciwo, daga farkonsa: "To ɗana, tun bayan girbi ne abin ya soma, in na duƙa sai in ji duniya na juyawa." Ya katse ta: "Ba tarihi na tambaye ki ba." Aka ɗaura mata abin awo a hannu, ya faɗa wa ɗalibinsa lambobi biyu da haruffa uku, ya yi rubutu, ya yage takarda ya miƙa ba tare da ya dube ta ba. An gama. Ko minti uku ba a yi ba.

Sai na yi tambaya da Faransanci, na ce don Allah mene ne ke damunta. Wallahi kamar an kunna fitila. Ya ɗaga kai, ya tambaye ni abin da nake karanta, ya nuna mini kujera. Ya yi mini bayani tsaf: hawan jini ne, ya hau sosai, maganin nan ba irin na zazzaɓi ba ne da ake sha kwana uku a bari, sha za ta yi kullum ko ta ji sauƙi, ta rage gishiri da dunƙulen miya da kanwa, ta dawo bayan wata a sake awo, in aka yi sakaci yana iya kai ga shanyewar ɓarin jiki. Bayani mai kyau, na likita wanda ya san aikinsa. Ni ya yi wa, ni da jinina ke lafiya lau. Mai ciwon tana zaune tana duban bakinmu. Kuma duk abin da ya faɗa, ga shi nan na rubuta muku da Hausa a layi huɗu, ban ari kalma ko ɗaya ba. Shi ma Bahaushe ne, na ji harshensa da ya amsa waya.

Da muka fito, matar da ta shiga kafin mu tana bakin ƙofa da takardarta a hannu, tana neman wanda zai karanta mata. Ita ba ta zo da ɗan ɗan'uwa mai Faransanci ba. Abin da zai faru da ita kowa ya sani. Za ta kai takardar farmasi, a gaya mata kuɗi da Hausa garau, ta ga ba za ta iya sayen duka ba, ta zaɓi mafi araha cikin ukun, don ba wanda ya gaya mata wanne ne maganin ciwon wanne ne na ƙarin ƙarfi kawai. Ta sha kwali ɗaya, ta ji dama, ta bari. Ran da aka dawo da ita ranga-ranga a kan amalanke, sai a ce mutanen ƙauye jahilai ne, ba sa bin dokar magani. Wace dokar? Wa ya gaya mata?

Na san amsar da abokanmu masu karatun likita za su ba ni, don mun sha yin ta a fada har shayi ya huce. Za su ce ban san wahalar aikin ba. Ma'aikaci ɗaya ne a kan layin da ba ya ƙarewa, musamman da damina ta yi nisa zazzaɓin cizon sauro ya cika ɗakin yara har ana kwantar da biyu ko uku a gado guda. Za su ce da yawa cikin masu farar rigar nan aikin sa kai suke yi, shekara da shekaru ba albashi. Za su tuna mini cewa tun bayan taron Bamako na 1987 aka ɗora wa asibitoci neman kuɗin tafiyar da kansu daga aljihun marasa lafiya, sannan a 2006 gwamnati ta ce a duba yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta ita za ta biya, ta yi ta jinkirin biya har bashin ya kai biliyoyi, kantocin magani suka bushe, aka bar ma'aikaci shi kaɗai gaban uwar da aka gaya wa a rediyo cewa kome kyauta ne. Duk gaskiya ne. Ban musa ko ɗaya ba, kuma na san ma'aikatan da ke kwana tsaye, masu fitar da kuɗin aljihunsu su saya wa yaro ruwan ƙari. Allah ya saka musu.

Amma gajiya ba ta da ido, ita kuwa wannan tana da shi. Gajiyar da ke hana ka ce wa baƙauya sannu, amma ta bar ka ka miƙe tsaye ka ba Alhaji hannu biyu, wace irin gajiya ce? A ƙasar nan har suna muka yi wa abin, PAC, wato dangi, abokai da waɗanda aka sani. In kana ciki, layi ba naka ba ne, kuma za a yi maka bayani har ka gaji. In ba ka ciki, sai ka nemi hanya ta mai gadi ko mai shara, ka sa hannu aljihu. Kuma mutumin da ya yi maka tsawa da safe a asibitin gwamnati, je ka same shi da la'asar a kilinik mai zaman kanta, ka ga yadda murmushi ya dawo, Hausa ta dawo har da karin magana. Bai huta ba tsakanin safe da la'asar. Kuɗin tike ne ya canza. A 2024 hukuma ta rage kuɗin asibitocin gwamnati da rabi, kuma talaka ya ji daɗin haka. Sannu kuwa ba ta taɓa samun farashi ba balle a rage shi.

Ɗakin haihuwa ba zan daɗe a kansa ba, don ba ni na shiga ba. Ku tambayi yayyenku mata. Kusan kowace tana da jimlar da aka jefe ta da ita tana tsakiyar naƙuda, kuma kusan jimla ɗaya ce daga Yamai har Damagaram, wadda ke tuna mata cewa lokacin da take jin daɗi ba ta kira kowa ba. Ku lura, zagin nan da Hausa ake yin sa, Hausa mai kaifi wadda ba ta neman kalma. Yarinya ƴar shekara sha shida mai cikin fari, wadda aka raina a kan kunya, ita ake gaya wa haka. Sannan a yi mamaki in ciki na biyu ya zo ta ce gara ta haihu a ɗaki hannun ungozoma, har doguwar naƙuda ta bar ta da yoyon fitsari.

Mu koma ga zancen kalmomi, don nan ne gonata. Hausa tana da sanƙarau, tana da shawara, da dussa ko ƙyanda, da tarin fuka, da farfaɗiya, da tamowa, da ciwon sukari, da hawan jini, da shan inna. Wasu tsofaffi ne, wasu an ƙirƙire su jiya jiya, kuma mutane ne suka ƙirƙira ba wani kwamiti ba. Hujjar da ta fi kowace: ran da hukuma ke son a ɗiga wa yaranmu maganin shan inna, ko a rarraba gidan sauro, ko a ba yara ƙwayar rigakafin zazzaɓi da damina, nan da nan ake samun Hausa. A kira sarakuna da limamai, a sa sanƙira ya zaga gari, a cika gidajen rediyo da bayani mai daɗin ji. Ashe in su ke neman mu, harshen yana da kalmomi. In mu ke neman su, sai ya zama matalauci.

Inda matsalar gaskiya take, kuma a nan nake son masu karatun likita su saurare ni da kyau, shi ne kalmominmu ba su hau kan nasu ɗaya bisa ɗaya ba. In mutumin Gobir ya ce yana da zahi, ba zafin jiki kaɗai yake nufi ba. Zahi buhu ne, ana zuba basir a ciki, da bushewar ciki, da wasu abubuwan da littafin likita ya raba su babi babi. In mace ta ce sanyi ke damunta, yana iya zama ciwon gaɓoɓi, yana iya zama ciwon mara da ƙaiƙayi wanda kunya ta hana ta kira da wani suna. Ciwon zuciya yana iya zama ƙwannafi, yana iya zama baƙin ciki, yana iya zama zuciyar ce da kanta. "Ina da ciki" da "cikina ke ciwo" harafi kaɗan ya raba su. Ba a warware irin wannan da tsawa. Ana warware shi da tambaya ta biyu da ta uku: a ina, tun yaushe, kamar yaya. Labarin nan da gwaggona ta fara, na bayan girbi da duƙawa da juyawar duniya, shi ne ainihin abin da ake koya musu su nema a wajen mai ciwo. Ta kawo masa har gida ya ce ba tarihi ya tambaya ba.

Ko "sau uku a rana" da muke ganin ba ta da wuya, tarko ce. Rana a Hausa tana faɗuwa da magariba. Mai bin maganar da gaskiya zai iya shanye uku tsakanin hantsi da la'asar, alhali ana nufin a raba su cikin dare da yini. Da an ce masa ɗaya da asuba, ɗaya da azahar, ɗaya in zai kwanta bayan lisha, da ya samu kusan awa takwas takwas ba tare da agogo ba. Maganin zazzaɓin da aka fi ba mu, Coartem, sha shida ne cikin kwana uku, kuma ya fi shiga jiki in an sha shi da abinci mai maiƙo ko madara. Mutum nawa aka gaya wa haka? Mutum nawa ke ajiye sauran ƙwayoyin ran da zazzaɓi ya sauka, don wani yaron in ya kwanta? Faɗin wannan bai kai daƙiƙa ashirin ba. Na auna.

Laifin ba na mutum ɗaya ba ne, na makarantar da ta yi shi ne. Ɗalibi zai yi shekara bakwai ko takwas yana karatun likita a Yamai ko Maraɗi ko Damagaram, da Faransanci daga ranar farko har ranar rantsuwa, sannan a tura shi ya yi aiki da mutanen da mafi yawansu ba su jin Faransancin. An koya masa sunan kowane ƙashi da kowace jijiya. Yadda zai gaya wa uba cewa ɗansa ba zai tashi ba, da harshen da uban ke ji, wannan an bar masa ya koya a kan mutane, kamar wanzamin da ke koyon aski a kan marayu. Tun daga firamare ma aka fara ɓata shi, inda aka nuna masa harshen gidansu na wasa ne da cefane, magana mai nauyi kuwa sai da na Nasara. Ƙasar da ta buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da harshen gida a Damagaram tun 1973 ita ce har yau ba ta iya tambayar ciwo da harshen gida ba.

A watan Maris na 2025 aka sa hannu a kan kundin sake gina ƙasa, wanda ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Na ga yadda wasunmu suka yi ta murna a Facebook kamar an ci kofi. Ni ina jira in ga ranar da takardar da ake sa mutum ya dangwala wa yatsa kafin a yi masa tiyata za ta zo da harshen da yake ji, ko a karanta masa ita a fassara kafin a kama yatsan. Kuma kada mu Hausawa mu ɗauka kukan namu ne mu kaɗai. Mu ne ma masu sauƙi. Bafillatar da ta zo daga ruga, ko mai jin Tamajak ko Kanuri ko Tubanci kaɗai, sai an nemo mata mai fassara a tsakar asibiti, mai gadi ko wani majinyaci ko ɗanta na cikinta. Ku yi tunanin uwa tana bayanin ciwon mara ta bakin ɗanta ɗan shekara sha biyu. Rabin maganar a ciki za ta mutu, kuma a rabin nan ciwon yake. Ma'aikacin Bahaushe da aka tura Tillaberi bai jin Zabarmanci, shi ma bango ne kamar kowane.

Abin da nake nema ba ya buƙatar tallafin kowace ƙasa. Kada a ba kowa takardar likita, ko ta jinya, ko ta ungozoma, sai ya ci jarrabawar baki: a zaunar da shi gaban tsohuwa ta gaske, ya tambaye ta ciwo, ya yi mata bayanin magani da ɗaya daga cikin harsunan ƙasa, sannan a fitar da shi a tambaye ta abin da ta gane. In ba ta gane ba, ya faɗi, ko da ya haddace littafin duka. Wanda za a tura yankin da ba ya jin harshensu, a ba shi wata uku na koyo kafin ya tafi. A manyan asibitoci a ɗauki masu fassara aiki, da albashi da rantsuwar riƙe sirri, mata ga mata. Kuma kafin mai ciwo ya fita a ce masa: "Maimaita mini yadda za ka sha." Jimla ɗaya ce.

Ku kuma da za ku sa farar riga nan da shekara biyu ko uku, na san a yanzu kuna jin haushin abin nan kamar ni. Waɗanda ke tsawa yau su ma sun ji haushinsa suna ɗalibai. A ɗakin koyon aiki ake gadonsa, ranar da babba ya yi wa mai ciwo dariya da Faransanci ku kuma kuka taya shi don kada a ce ba ku waye ba.

Mu masu nazarin harshe namu aikin ya fi kusa. In kun je hutu, ku ɗauki kaye ku zauna da tsofaffi, da ungozomomi, da wanzamai, da masu ɗori. Ku rubuta sunan kowane ciwo yadda suka faɗe shi, da alamomin da suke nufi, da kalmar da mace ke sakayawa da ita in tana jin kunya. Ku kawo mu haɗa, mu zauna da abokanmu na likita su sa nasu a gefe, mu buga shi a injin da ya buga wannan ɗan littafi. Wanda ya fito Adar ya rubuta yadda ake faɗi a Adar, na Damagaram ya rubuta na Damagaram. Kada kowa ya gyara shi ya koma Kananci.